László Moholy-Nagy: Malamin Da Ya Fara Koyar Da Haske Kafin Kyamara

 Yau za mu yi dogon zango, domin mutumin da muka ɗauko ba ɗan ƙasarmu ba ne, ba ma ɗan Afirka ba ne, kuma da wuya a samu wanda ya taɓa jin sunansa a Tasawa ko a Mayahi. Amma fa aikinsa ya biyo mu har cikin aljihu. A da, idan za a ɗauki hoto, mai hoto kan kafa kyamararsa daidai ƙirjin mutum, ya rataya labule a baya, ya ce kowa ya tsaya cak ya dube shi. Haka ake yi a nan, haka kuma Turawa suka daɗe suna yi a can. Yau kuwa yaro zai hau katanga ranar biki ya ɗauko taron daga sama, ko ya durƙusa ya ɗauki doki daga ƙasa har ka ce dokin zai taka mai kallo, ko ya ɗauki inuwar mutum ya bar mutumin. Wannan irin kallo yana da tarihi, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka share masa hanya, suka mayar da shi darasin da ake koyarwa a aji, shi ne László Moholy-Nagy. Mu ma'aikatan rediyo mun san wahalar irin waɗannan sunaye a baki, saboda haka ga sauƙi: Laslo Moholi-Noj ake faɗi.

An haife shi a ranar 20 ga watan Yuli na shekarar 1895 a wani ƙauye mai suna Bácsborsód da ke kudancin ƙasar Hangari, lokacin tana haɗe da Ostiriya ƙarƙashin sarki ɗaya. Iyayensa Yahudawa ne, sunan gidansu kuwa Weisz. Tun yana ƙarami uban ya bar gida, sai ɗawainiyar yaran ta koma wuyan kawunsu, wani lauya mai suna Gusztáv Nagy, wanda ya biya masa kuɗin makaranta. Da yaron ya girma sai ya ajiye sunan uban da ya yasar da shi, ya ɗauki na kawun da ya riƙe shi, daga baya ya ƙara da sunan garin Mohol inda ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa, garin da yanzu yake cikin ƙasar Sabiya. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, mu da muke liƙa wa mutum sunan garinsu, a ce wane Tasawa ko wane Mayahi.

A shekarar 1913 ya shiga jami'ar Budapest domin karatun lauya kamar kawunsa. Bai yi nisa ba yaƙin duniya na farko ya ɓarke, a 1915 aka ɗauke shi soja a rundunar igwa, a 1917 kuma aka ji masa mummunan rauni a babban yatsansa na hagu a fagen daga da Rasha. A zaman sansani da na asibiti ne ya riƙa zane a kan katin wasiƙa na sojoji, har ya zana ɗaruruwa. Da yaƙi ya ƙare sai ya yi watsi da karatun lauya. Iyakar abin da ya samu na koyon zane shi ne ɗan darasin yamma a wurin wani mai zane da ake kira Róbert Berény. Ke nan mutumin da zai zo ya sauya yadda ake koyar da fasaha, shi kansa bai daɗe a gaban wani malami ba. Bayan rushewar gwamnatin ƴan gurguzu ta Hangari a 1919 ya fice zuwa Biyana, a farkon 1920 ya isa Berlin, babban birnin Jamus, ba kuɗi, ba kuma cikakken Jamusanci.

A Berlin ne ya haɗu da wata mata ƴar birnin Prague mai suna Lucia Schulz, suka yi aure a 1921. Ku riƙe sunan nan, domin za mu komo kanta. A 1922 su biyun suka fara wani gwaji a ɗakin wanke hoto, wato ɗaukar hoto ba tare da kyamara ba. Ga yadda abin yake. Takardar hoto an shafe ta da wani sinadari na azurfa wanda ke yin baƙi a duk inda haske ya taɓa, da zarar an wanke ta. Idan aka ɗora abu a kanta cikin duhu, aka kunna fitila na ɗan lokaci aka kashe, inda abin ya rufe zai fito fari tas, inda haske ya sauka ya fito baƙi, abin da haske ke ɗan ratsawa kuwa, kamar gilashi ko yadi marar kauri, ya ba da launin toka iri-iri. Matanmu sun san wannan dabara tun tuni a wurin ƙunshi: inda aka liƙe a tafin hannu yakan fito fari, inda lalle ya taɓa ya yi ja. Marina ma haka suke yi idan suka ɗaure yadi kafin su tsoma shi a baba. Moholy ya kira irin wannan hoto fotogiram.

Ba shi ya ƙago shi ba. Wani Baturen Ingila mai suna Talbot ya yi irinsa tun wajen shekarun 1830, wata mata mai suna Anna Atkins ta fitar da littafin ciyayin teku da wannan hanya a 1843, sannan a daidai lokacin da su Moholy ke nasu, Man Ray yana yin nasa a Paris. Abin da Moholy ya ƙara shi ne fahimta. A ganinsa asalin hoto shi ne haske da abin da hasken ya sauka a kai, kyamara kuwa akwati ce kawai da aka ƙara daga baya. Duk koyarwarsa ta sauran rayuwarsa a kan wannan ta tsaya.

A wannan shekara ta 1922 ya baje zane-zanensa a gidan nuni na Der Sturm, inda aikinsa ya ja hankalin Walter Gropius, wani mai tsara gine-gine. Shi dai Gropius ya kafa wata makaranta a garin Weimar a 1919, wadda ya sa wa suna Bauhaus, ma'ana gidan gini, ya haɗa masu zane da masu sana'ar hannu a inuwa ɗaya: maƙera, masassaƙa, masaƙa, magina tukwane. Kowane sabon ɗalibi sai ya fara da ajin share fage kafin ya zaɓi sana'a. Mai riƙe da wannan aji, Johannes Itten, mutum ne mai aske kai ƙwal, mai doguwar riga irin ta masu zuhudu, wanda ke fara darasi da motsa jiki da jan numfashi. Suka saɓa da Gropius a kan ko makarantar za ta yi aiki da masana'antu, Itten ya tafi a 1923, aka ɗauko Moholy, bai cika shekara 28 ba, aka ba shi ajin tare da Josef Albers, aka kuma ɗora shi a kan maƙerar makarantar. Shi kuwa da jar rigar aiki irin ta kanikawa ya riƙa shiga aji. Ɗalibai ba su buƙaci a yi masu bayanin cewa zamani ya sauya ba.

A nan ne fa ya kamata mu tsaya, domin nan ne zuciyar labarin. Me ake yi a wannan aji? Ba a ba ɗalibi zanen wani gwani a ce ya kwaikwaya. Ana zube masa kaya ne a gaba: takarda, waya, katako, gilashi, fata, gashi, ƙarfe, a ce ya binciko halin kowane. Wani darasin na taɓawa ne, ɗalibi ya jera kayan a kan allo daga mafi santsi zuwa mafi kaushi, ɗan'uwansa ya rufe ido ya bi da yatsa. Wani darasin na daidaito ne, a haɗa waya da katako da gilashi su tsaya a kan tsini ɗaya ba tare da sun faɗi ba. Ba a tambayar ko abin ya yi kyau, ana tambayar me ka gano.

Idan muka dubi yadda ake koyon sana'a a wajenmu za mu ga bambancin. Yaron maƙeri yakan shekara yana zuga, yana kallo, kafin a miƙa masa guduma, kuma iyakar burinsa ya yi hauya irin ta maigidansa. Yaron mai hoto ma haka, ya ɗauki jaka, ya riƙe fitila, ya bi maigida gidan biki. Wannan hanya tana da albarkarta, ita ta riƙe mana sana'o'inmu har yau, ba kuma za mu raina ta ba. Sai dai ba ta cika barin yaro ya tambayi abin da ƙarfen zai iya zama ban da hauya ba. Moholy wannan tambayar ya mayar darasi. Daga maƙerar da ya riƙe ne aka samu fitilar tebur ta Wilhelm Wagenfeld da butar shayi ta Marianne Brandt, waɗanda har yanzu ake ƙera irinsu.

Wani abin mamaki shi ne, duk tsawon zamansa a Bauhaus, daga 1923 zuwa 1928, babu ajin hoto a makarantar. Sai a 1929, bayan tafiyarsa, aka buɗe shi ƙarƙashin Walter Peterhans. Amma ɗalibai sun ga abin da malaminsu ke yi da kyamara a lokacin hutunsa, suka kama. Bayan makarantar ta koma garin Dessau a 1925, ya tsaya a gindin sabon ginin ya ɗauki barandunsa daga ƙasa a karkace. Ya hau hasumiyar rediyo ta Berlin, mai tsawon fiye da mita 130, ya juya kyamara ƙasa tsaye, har kujeru da teburan da ke gindinta suka koma kamar zanen tabarma. Ya buga hoto a juye, fari ya zama baƙi. A ƙasar Rasha ma Alexander Rodchenko yana irin wannan a lokacin, fitowar ƙaramar kyamarar Leica kasuwa a 1925 kuma ta sauƙaƙa wa kowa hawa da sauka da ita.

A 1925 ya fitar da littafi mai suna Malerei, Photographie, Film, wato zane da hoto da fim, na 8 a jerin littattafai 14 da shi da Gropius suka shirya wa makarantar. A ciki ya jera hotunan masu fasaha kafaɗa da kafaɗa da hoton ƙashi na asibiti, da hoton taurari, da na madubin likita, da na jarida. Hujjarsa ita ce kyamara tana ganin abin da ido ba ya gani, saboda haka ɓata ta ne a tilasta mata kwaikwayon zanen hannu. Ya kuma yi hasashen cewa wata rana wanda bai san hoto ba za a lissafa shi da jahili, daidai da wanda bai san alƙalami ba. Duk wanda ya ga yadda hoton ƙarya ke yawo a wayoyinmu yau, ana gaskata shi ana turawa, zai ce mutumin ya hango nesa.

To, mu komo kan Lucia. Ita ce ta yi karatun hoto a Leipzig, ita ta san sinadarai da aikin ɗakin wanki, ita ke gyara Jamusancin rubuce-rubucensa, amma sunansa kaɗai ke fita. Ita ce kuma ta ɗauki hotunan ginin Dessau da kayan da ɗalibai suka ƙera, hotunan da duniya ta san Bauhaus da su. Sun rabu a 1929. A 1933, da ƴan Nazi suka hau mulki, ta tsere daga Jamus ta bar nagatif na gilashi fiye da 500. Suka faɗa hannun Gropius, ya tafi da su Amurka, aka yi ta buga su a littattafai da wuraren nuni ba tare da sunanta ba, ita kuwa tana Landan tana zaton sun salwanta. Sai da lauyoyi suka shiga, a 1957 aka mayar mata da 230. A wajenmu wannan cin amana ne, kuma girman Gropius ba ya wanke shi. Ko shahararren labarin nan da Moholy ya bayar, cewa ta wayar tarho ya yi odar wasu zane-zanensa daga wata masana'antar allunan ƙarfe, ita Lucia ta ce da ƙafarsa ya je. Ta rasu a Siwizalan a 1989.

A 1928 Gropius ya sauka daga shugabanci, Moholy ma ya ajiye aiki ya koma Berlin, yana tsara dandalin wasan kwaikwayo da shafukan mujallu. A 1929 ya taka babbar rawa a baje kolin Film und Foto na birnin Stuttgart, inda aka nuna hotuna kimanin 1,000, shi ya shirya ɗakin farko. A 1930 ya nuna wata na'ura a Paris, ta ƙarfe da gilashi mai juyawa da lantarki, wadda ba ta da wani aiki sai watsa haske da inuwa a bango. Tana ajiye yanzu a jami'ar Harvard. Ƴan Nazi suka tilasta rufe Bauhaus a 1933. Ya tafi Amsterdam a 1934, ya wuce Landan a 1935 tare da matarsa ta biyu, Sibyl, wadda ta haifa masa ƴaƴa mata biyu. A can ya ci abinci da tallace-tallace da ƙawata kantuna, ya kuma ɗauki hotunan wani littafi kan kasuwannin bakin titi na Landan da ya fito a 1936.

A 1937 wata ƙungiyar ƴan kasuwa da masu masana'antu ta birnin Shikago a Amurka ta nemi Gropius ya buɗe mata makaranta, shi kuwa ya ce a ɗauki Moholy. A watan Oktoba aka buɗe Sabuwar Bauhaus da ɗalibai 35. Shekara guda kuɗi suka ƙare, masu gayyar suka janye hannu, makaranta ta rufe. Wani da ya haɗa kayansa ya nemi aikin albashi. Shi kuwa a 1939 ya sake buɗe wata da kuɗin aljihunsa, malamansa suka yarda su fara aiki ba albashi, wani attajiri mai kamfanin kwali, Walter Paepcke, ya tallafa. A 1944 aka sa mata suna Institute of Design.

A Shikago ne hoto ya samu gurbin da bai samu a Jamus ba. Ya buɗe sashen haske ya damƙa wa ɗan ƙasarsu György Kepes. Ɗalibi ba da kyamara yake farawa ba, da fotogiram yake farawa. Daga nan a ba shi farar takarda ya yanka, ya lanƙwasa, ya naɗe, ya haska ta da fitila daga gefe, daga sama, daga baya, ya ga yadda abu ɗaya ke sauya kama alhali ba a taɓa shi ba. Wani ɗalibi mai suna Nathan Lerner ya ƙera akwati mai huji-huji, yana rataya zare da tarkace a ciki yana sarrafa hasken da ke shiga. Sai ido ya waye sannan a fita titi a ɗauki mutane.

Wannan darasi na takarda da fitila shi ya fi tsaya mana a rai, domin ba ya cin kuɗi. Duk malamin lakwal a Tasawa ko Mayahi da ke da farar takarda da tocila da waya ɗaya mai kyamara zai iya yin sa gobe. Wayoyi sun cika hannun samari, masu shagon hoto da dama sun koma dogaro da hoton katin ɗan ƙasa da na takardun jarrabawa, amma wanda ya san inda zai tsayar da amarya da hantsi don kada fuskarta ta dushe, har yanzu nemansa ake yi. Ko a nan yammacin Afirka akwai misali, duk da cewa hanyarsa daban ce da ta Bauhaus: Malick Sidibé na Mali zane ya fara koya a makarantar masu sana'ar hannu ta Bamako, ƙawata shagon wani mai hoto Bafaranshe ne ya kai shi ga kyamara a 1955, a 2007 kuma ya karɓi babbar lambar yabo ta baje kolin Venice.

Lokacin yaƙin duniya na biyu makarantar ta rayu ne da ƴan dabaru. An koyar da ɓad da kamar gine-gine don kada jiragen yaƙi su gane su, an ƙera sifirin na katako saboda ƙarancin ƙarfe, an kuma yi amfani da darussan taɓawa wajen farfaɗo da sojojin da suka ji rauni. Shi kansa Moholy yana koyarwa, yana yawon neman tallafi, yana zane, yana rubutu da dare.

A 1945 likitoci suka gano yana da sankarar jini. Bai rage aiki ba. A 1946 ya zama ɗan ƙasar Amurka, ya tara manyan masu hoto irin su Berenice Abbott da Paul Strand da Weegee a wani taron ƙara wa juna sani na mako 6, ya kuma ɗauki wani matashi daga Detroit mai suna Harry Callahan aikin koyarwa, mutumin da shi ma da kansa ya koyi hoto yana ma'aikacin kamfanin mota. Moholy ya rasu a Shikago a ranar 24 ga watan Nuwamba na 1946, yana da shekara 51. Littafinsa na ƙarshe, Vision in Motion, wanda ya tattara tsarin koyarwarsa, ya fito a 1947.

A 1949 makarantar ta shiga cikin jami'ar fasaha ta Illinois, inda take har yanzu. Callahan ya riƙe sashen hoto, a 1951 Aaron Siskind ya zo suka haɗu, suka yaye ɗalibai irin su Ray Metzker da Kenneth Josephson da Barbara Crane, waɗanda su ma suka zama malaman hoto a wasu makarantun Amurka suka ci gaba da ba da irin waɗannan darussa. Wani ɗalibin, Yasuhiro Ishimoto, wanda ya fara hoto a sansanin da Amurka ta tsare ƴan asalin Japan lokacin yaƙi, ya gama a 1952 ya tafi da wannan ido Japan, ya ɗauki hotunan tsohuwar fadar Katsura da suka zama littafi a 1960. Ƙasar Hangari kuwa, wadda ya bari a 1919, sai a 2006 ta sa sunansa a jami'arta ta fasaha da zayyana da ke Budapest.